Sharhi: Kyamarar dala 10 ta koyo ce, ba ta gadin dukiya ba

Duk mai bibiyar shafukan fasaha a YouTube ko Facebook ko TikTok da wuya a ce bai ci karo da irin bidiyon nan ba. Za ka ga matashi ya ɗauko wani ɗan allo mai kyamara a goshi, wanda bai fi akwatin ashana girma ba, ya jona shi da kwamfuta, kafin ka ankara sai ga hoton ɗakinsa yana motsi a fuskar wayarsa. Daga nan sai a ce maka ga yadda za ka haɗa kyamarar tsaro da kanka ba tare da ka kashe kuɗi ba.

Sunan wannan allo ESP32-CAM, kuma a shafukan cinikin intanet irin su AliExpress ana samun sa a ƙasa da dala 10. Arahar ce ta sa ya karɓu a wajen ɗaliban fannin lantarki da kwamfuta a manyan makarantunmu, musamman idan lokacin aikin kammala karatu ya zo. A yankin da matsalar tsaro ta hana mutane barci, ba abin mamaki ba ne ɗalibi ya zaɓi haɗa kyamarar sa ido a matsayin furojet, ko kuma mai shago ya ji labarin arahar ya ce a haɗa masa tasa.

Matsayarmu a nan a fili take. Wannan allo kayan koyo ne mai matuƙar amfani, kuma ya dace a ƙarfafa wa matasa gwiwa su yi ta gwaji da shi. Amma duk wanda ya kafa shi a ƙofar shago ko gida ya ce ya samu mai gadi, to ya jingina da abin da ba zai riƙe shi ba. Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Matsalar ita ce da yawa daga masu sayen wannan rariyar ba a faɗa musu rariya ba ce.

Mene ne wannan allo?

Abin da ke tsakiyarsa ana kiran sa maikurokontirola, wato 'yar ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarki da aka ƙera domin ta yi aiki guda ɗaya mai sauƙi, ta yi ta maimaita shi. Irinta ce ke cikin rimot ɗin talabijin da injin wanki da mitar wuta. Ba ta ɗauke da babbar manhaja irin Android ko Windows. Abin da aka rubuta mata kawai take bi.

Wanda ya fi shahara a irin waɗannan allunan koyo shi ne Arduino, wanda aka fara a garin Ivrea na ƙasar Italiya a shekarar 2005 domin ɗalibai. Shi kuwa ESP32, kamfanin Espressif da ke birnin Shanghai na ƙasar Sin ne ya fitar da shi a 2016, kuma abin da ya ɗaukaka shi shi ne yana zuwa da Wi-Fi da Bluetooth a jikinsa a farashi mai rahusa. Daga baya wani kamfanin, Ai-Thinker, ya ɗora masa kyamara samfurin OV2640 da ramin sa memori, aka samu ESP32-CAM.

Waɗanda suka ƙera ESP32 sun yi shi ne domin ayyuka kamar auna zafi, kunna fitila daga nesa, ko aika ɗan gajeren saƙo ta intanet. Bidiyo kaya ne mai nauyi da aka ɗora masa daga baya.

Lissafin da ba ya ƙarya

Duk mai sayen waya a yau ya san tambayar farko: RAM ɗinta nawa ne? RAM shi ne wurin da na'ura ke shimfiɗa aikin da take yi a daidai lokacin, kamar tabarmar da mai sana'a ke baza kayansa a kai.

Arduino Uno yana da RAM kilobayit 2 ne kacal. ESP32 yana da kilobayit 520. Wayar da ke da gigabayit 4, wadda a yanzu ba a ma ɗaukarta babbar waya, ta ninka ESP32 kusan sau 8,000.

To, yanzu mu auna hoto. Hoto ɗan madaidaici mai faɗin ɗigo 640 da tsayin ɗigo 480 yana da ɗigo 307,200. Idan kowane ɗigo ya ci bayit 2 domin launi, hoto guda ya zama bayit 614,400. Wato hoto ɗaya tal, wanda ba a matse shi ba, ya fi ƙarfin dukkan RAM ɗin ESP32, kuma ya ninka na Arduino Uno sau 300. Shi kuwa bidiyo ba komai ba ne illa irin waɗannan hotuna suna bin juna da sauri, galibi 25 zuwa 30 a kowace daƙiƙa.

To ta yaya allon yake nuna bidiyo? Da dabaru biyu. Na farko, an ƙara masa wata ma'ajiya ta waje mai megabayit 4, wadda ba ta kai ta ciki sauri ba. Na biyu, ita kanta kyamarar ce ke matse kowane hoto zuwa tsarin JPEG kafin ta miƙa shi. Aikin ESP32 shi ne ya karɓa ya tura ta Wi-Fi, ɗaya bayan ɗaya.

Wannan ne dalilin da ya sa dole ka zaɓi ɗaya cikin biyu. Idan kana son bidiyo ya tafi sumul, sai ka rage girman hoton har ya zama da ƙyar kake gane fuskar mutumin da ke ɗan nesa. Idan kuma ka ɗaga shi zuwa iyakarsa, ɗigo 1600 sau 1200, sai ya riƙa tafiya yana tsayawa. Ko a takardar bayanan kyamarar, iyakarta a wannan girma hoto 15 ne a daƙiƙa, kuma abin da ke isowa waya ta Wi-Fi yakan gaza haka. Mai shago kuwa duka biyun yake buƙata: ya ga fuskar wanda ya shigo, ya kuma ga hannunsa lokacin da ya ɗauki kaya.

Datar da zai sha

Wayar da ke hannunka tana ɗaukar bidiyo ne da wani tsarin matsewa mai suna H.264, wanda aka fitar a 2003, ko kuma wanda ya gaje shi. Hikimar tsarin ita ce ba ya sake aika abin da bai canza ba. Idan kyamara na kallon ƙofar shago, bango yana nan, kanta tana nan, mutum ne kawai ya gifta, to motsin mutumin ne zai fi cin wuri. Wayoyi da kyamarorin CCTV na gaske suna da wani sashe na musamman a cikinsu da ke wannan aiki.

ESP32 na asali ba shi da wannan sashe. Kowane hoto cikakke yake tura shi, da bangon da kantar da komai, sau da sau.

Mu ɗauka kowane hoton da aka matse ya kai kilobayit 30, ana kuma tura 10 a daƙiƙa. Kilobayit 300 ke nan a daƙiƙa, fiye da gigabayit 1 a awa guda, kusan gigabayit 26 a kwana ɗaya. Idan a cikin gida ne, tsakanin allon da waya a kan Wi-Fi ɗaya, babu kuɗin data. Amma wanda ke son ya ga shagonsa yana gida ko yana kan hanya, dole bidiyon ya bi ta layin sadarwa. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Kowa ya lissafa da kansa abin da gigabayit 26 a kullum zai ci masa a wata. Kafin mako ya zagayo kuɗin data ya wuce kuɗin kyamarar.

Idan kuma aka ce a ajiye a memori, takardar bayanan allon gigabayit 4 ta ambata a matsayin iyaka, duk da cewa masu gwaji kan sa wanda ya fi haka. A lissafin da muka yi, gigabayit 4 ba zai kai awa 4 ba ya cika.

Akwai kuma wani cikas da masu bidiyon koyarwa ba su cika faɗa ba. Kamfanonin layin waya galibi suna haɗa dubban masu amfani ne a ƙarƙashin adireshin intanet guda. Saboda haka ba za ka iya kiran kyamararka kai-tsaye daga waje ba sai ta hanyar wata kwamfuta da ke tsakiya, wadda ita ma sai an tanade ta, wani lokacin har an biya.

Dare, zafi da wuta

Ɓarawo ba ya zuwa da azahar. Kyamarar tsaro ta gaske tana da ƙananan fitilu masu hasken da idon mutum ba ya gani, shi ya sa take nuna abin da ke faruwa cikin duhu. Kyamarar da aka saba sayarwa tare da ESP32-CAM tana da matata da ke tare wannan haske, kuma allon ba shi da irin waɗannan fitilu. Abin da yake da shi farar fitila ce guda ɗaya kamar filashin waya, wadda ba ta haska nesa, kuma kunna ta sanar da ɓarawo ne inda kyamarar take. Ba shi kuma da makirfo, don haka babu sauti.

Sai maganar zafi. Allon yana ɗaukar ɗumi sosai idan yana tura bidiyo ba tsayawa, kuma tsirara yake zuwa, babu murfi. A Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi ke haura digiri 40 a watannin bazara, ka rufe shi a robar da ka haɗa masa a ƙarƙashin kwano, ka ƙara masa wahala. Zafi yana ƙara dishi-dishi a hoton kyamara. Ga ƙurar hunturu, ga ruwan damina.

Wuta ita ce babbar matsalar da duk wanda ya taɓa aiki da allon ya sani. Lokacin da Wi-Fi ke aika saƙo yakan fizgi wuta farat ɗaya. Idan caja ba ta da ƙarfi ko wayar da aka jona siririya ce, sai ƙarfin wutar ya faɗi, allon ya kashe kansa ya sake tashi. A ɗakin gwaji wannan abin dariya ne, sai a danna maɓalli a ci gaba. A shago da ƙarfe 2 na dare, bayan an ɗauke wuta an koma kan batir, babu mai dannawa.

Wa kuma ke kallo?

Yawancin masu koyo suna farawa ne da manhajar gwaji da ke zuwa kyauta tare da kayan rubuta umarni na allon, mai suna CameraWebServer. An yi ta ne domin a nuna cewa kyamarar na aiki. Ba ta tambayar kalmar sirri, kuma ba ta lulluɓe bidiyon da take turawa. Duk wanda ke kan Wi-Fi ɗaya da kyamarar, in dai ya san adireshinta, zai iya buɗewa ya kalla. Idan kuma aka buɗe mata ƙofa zuwa intanet a haka, an buɗe wa duniya ke nan.

Wannan ba tsoratarwa ba ce. A watan Oktoban 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye ɗimbin kyamarori da na'urorin intanet na gida waɗanda masu su ba su canza kalmar sirrin da suka zo da ita ba, aka yi amfani da su wajen kai harin da ya durƙusar da shafuka irin su Twitter da Netflix na tsawon sa'o'i a Amurka. Waɗancan kyamarori ne na kamfani, sun fi wannan allo ƙarfi nesa ba kusa ba, amma sakacin iri ɗaya ne.

A al'adarmu cikin gida wuri ne mai alfarma, ba kowa ke shiga ba sai da sallama. Kyamarar da aka sa a tsakar gida ba tare da kariya ba ta rushe wannan katanga. Ga kuma doka: tun 2023 Najeriya ke da dokar kare bayanan jama'a, kuma hoton da ake iya gane mutum da shi yana cikin bayanan da doka ta damu da su. Mai kasuwancin da ke ɗaukar hoton abokan cinikinsa yana da alhakin tsare shi.

Ai da babu gara ba daɗi

Wannan ce hujjar da za a fara kawowa, kuma tana da nauyi. Tun bayan da aka saki darajar naira a 2023 duk kayan da ake shigowa da su suka yi tsada. Ba kowane mai shago ne zai iya sayen cikakken tsarin CCTV ba. Me zai hana ya yi maneji?

Amsar ita ce a harkar tsaro, wani ba daɗin ya fi babu illa. Wanda ya san ba shi da kyamara zai ƙara kwaɗo, ya haɗa kuɗi da maƙwabta a biya mai gadi. Wanda ya ɗauka yana da ita zai saki jiki. Ranar da abu ya faru ya je dubawa, sai ya tarar na'urar ta tsaya tun shekaranjiya, ko memori ya cika, ko kuma abin da ta ɗauka duhu ne da inuwa. Ya yi asarar kaya, ya yi asarar kuɗin haɗawa, ba shi kuma da abin da zai nuna wa 'yan sanda. Araha ba ta ado, balle gadi.

Hujja ta biyu ita ce irin wannan magana tana kashe wa matasa gwiwa. Mu a ganinmu akasin haka ne. Abin da ke kashe gwiwa shi ne ɗalibi ya shafe wata uku yana faman gyara manhaja, yana zargin kansa da rashin ƙoƙari, alhali iyakar ƙarfin na'urar ke nan. Babu rubutun umarnin da zai mayar da kilobayit 520 ya zama gigabayit. Da an faɗa masa tun farko, da ya zuba wannan ƙoƙari a inda zai yi riba.

Inda allon ya fi kowa

Ƙarfin wannan allo yana wurin hoto ɗaya-ɗaya. Yana iya yin barci, ya sha wuta kaɗan, ya farka idan lokaci ya yi ko wani abu ya motsa, ya ɗauki hoto ya tura, ya koma barci. A nan ƙaramar sola da batir sun ishe shi, data kuma 'yar kaɗan ce.

Akwai wani sanannen aiki na kyauta a intanet mai suna AI on the Edge Device, wanda ke amfani da ESP32-CAM wajen karanta mitar ruwa ko ta gas. Yana ɗaukar hoton mitar lokaci-lokaci, ya gane lambobin, ya aika su. Babu bidiyo ko kaɗan, kuma yana biyan buƙata.

Irin wannan tunani yana da gurbi a wajenmu. Hoton gonar rani sau uku a yini domin mai ita ya ga halin da shuka take ciki. Hoton ma'aunin ruwan tanki ko madatsa. Hoton ɗakin kaji kowace awa. Ko ma a haɗa shi da na'urar gane motsi a ƙofar sito, ya turo hoto ta Telegram idan an buɗe, a matsayin ƙarin ido a kan kwaɗo da mai gadi, ba madadinsu ba.

Idan bidiyo ake so

Wanda aikinsa ke buƙatar bidiyo na gaske yana da zaɓi. Raspberry Pi Zero 2 W, wanda aka fitar a Ingila a 2021 a kan dala 15, cikakkiyar kwamfuta ce mai RAM megabayit 512, kusan ninki 1,000 na ESP32, tana kuma da sashen matse bidiyo na H.264. Sai dai za a sayi kyamara da memori daban, kuma ta fi shan wuta. Shi kansa kamfanin Espressif ya sanar da ESP32-P4 a 2023, wanda aka sa masa sashen H.264, amma ba shi da Wi-Fi a jikinsa. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa maƙeran sun san inda na farkon ya tsaya.

Akwai ma abin da ya fi kusa: tsohuwar wayar Android da ke kwance a durowa, ko wadda za a samu da sauƙi a kasuwar waya irin ta Farm Centre a Kano. Tana da kyamara mai kyau, da makirfo, da batir, da wurin sa layi, kuma akwai manhajoji irin su Alfred da IP Webcam da ke mayar da ita kyamarar sa ido. Abin lura shi ne batirin wayar da ke jone da caja kullum cikin zafi yana iya kumbura, don haka sai an riƙa dubawa. Wanda kuwa dukiyarsa ta kai a tsare, ya tara kuɗi ya sayi kyamarar da aka ƙera domin wannan aiki, ya kuma canza kalmar sirrinta ranar da aka kafa ta.

Kira ga malamai da hukumomi

Gyaran ya kamata ya fara ne daga aji. Hukumar NBTE da ke Kaduna, wadda ke kula da kwalejojin kimiyya da fasaha, da sassan da ke duba ayyukan ɗalibai, ya dace su sauya tambayar da ake yi ranar kare furojet. Nuna bidiyo na minti biyar a gaban malamai ba gwaji ba ne. A tambayi ɗalibi: hoto nawa yake turawa a daƙiƙa? Data nawa yake sha a awa? Awa nawa ya yi yana aiki kafin ya tsaya? Me yake gani da daddare? Wa zai iya shiga ya kalla? Ɗalibin da ya auna waɗannan ya rubuta gaskiya, ko da sakamakon bai yi kyau ba, ya fi cancantar maki a kan wanda ya kwafi umarni daga intanet ya sa wa aikinsa babban suna.

Masu koyarwa a shafukan sada zumunta, musamman masu yi da Hausa waɗanda matasa ke saurare, su riƙa faɗin abin da na'ura ba ta iyawa kamar yadda suke faɗin abin da take iyawa. Matasan da suka fara karɓar kuɗin mutane suna kafa musu irin wannan kyamara kuma su ji tsoron Allah, su bayyana wa mai saye iyakarta kafin ya biya. Amana ita ce jarin mai sana'a, kuma shago ɗaya da aka fasa alhali kyamararka na rataye ya isa ya ɓata maka suna a unguwa.

Shi kuma mai saye, kafin ya miƙa kuɗi, ya nemi a bar masa na'urar ta kwana biyu tana aiki, sannan ya ce a nuna masa abin da ta ɗauka da tsakar dare. Abin da ya gani a nan shi ne abin da zai samu ranar da ya fi buƙata.